Akwatin da ke Alƙibla

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiya? Yaya Malam da yara, yaya mutanen Damagaram? Mu nan garin Vénissieux, a ƙasar Turawa, lafiya lau, idon Baba ma da sauƙi tun da aka yi mishi aiki.

Sai dai wani abu ya faru. Kin san maigidana Isufu yana fita farauta da abokan aikinshi. Bindigarshi tana cikin akwatin ƙarfe da aka kafe a bangon ɗakin baƙi, daidai alƙibla. Kwana tara Baba, idonshi a ɗaure, yana salla yana fuskantar akwatin. Da aka kwance mishi ido, ya tambaye ni abin da ke ciki, ni kuwa ban iya yi mishi ƙarya ba.

Ya naɗe dardumarshi, ya koma madafa ya yi la'asar.

Isufu ya durƙusa ya ce, "Baba, da takardar izini nake riƙe da ita, kuma a kulle take."

Baba ya ce, "Wadda ta kashe ƙanen matarka ma da takardarta."

Yaya, shekara shida ban ji ya ambaci ƙanenmu Sani ba sai ranar.

Washegari Isufu ya mayar da bindigar shagon da ya saye ta, ya cire akwatin. Ramukan ƙusa huɗu suka rage a bangon. Na ce zan toshe, Baba ya ce in bar su. Yanzu nan yake salla, yana daɗewa a sujada.

Ki gaida Inna. Ku sa Sani a addu'a, ku sa mu.

Ƙanwarki,
Hadiza