Guggubin Barasa a Tsakar Gidanmu na Gubaira

Zuwa ga Alhaji, wakilin gidan da muke haya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da fatan iyali suna lafiya. Sau uku ina aiko maka da saƙon baki, kana ce mini da Larabci mafi mushkila, wai ba matsala. Da girmana na koyi rubutu, to yau ga shi a rubuce, kowa ya karanta.

Na ɗaya. Mutanen da ka ba ɗakin saman bene ba gyaran firji suke yi ba, kuma ka sani. Ruɓaɓɓen dabino suke kwasowa daga kasuwar Aziziya, su jiƙa a durom, su dafa barasa.

Na biyu. Ruwan tankinmu suke saki a kan bututun da tururin barasar yake bi don ya huce, yana zuba wuni guda. Gida bakwai ne a nan. Kafin azahar famfo ya ƙafe. A garin da ruwan sama baƙo ne, ni nake taimama saboda wani yana sanyaya giya.

Na uku, wanda ya hana ni sukuni. Guggubin da ya rage suna tuttulo shi da zafinsa ta magudana, ya kwanta a tsakar gida, baƙi, mai tsami, ƙuda ya rufe shi. Zogalen da na taho da irinsa daga Maraɗi na raina shekara huɗu, cikin mako biyu ya bushe a tsaye. A gindinsa 'yata Hauwa take wasa. Yanzu numfashinta yana fito, sau biyu muna kai ta asibiti. Likita ya tambayi abin da take shaƙa, na sunkuyar da kai.

Ka san dalilin shiruna. In na kira shurɗa, wato 'yan sanda, mutanen gidan gaba ɗaya za su kwashe, alhali iƙamar maigidana, takardarsa ta izinin zama a ƙasar nan, tana hannun kafil, ubangidan aikinsa, ana sabuntawa. Da tsoronmu ka yi musu katanga, Alhaji. Wannan zalunci ne.

Ina roƙonka ka fitar da duromomin nan kafin Juma'a, a wanke magudanar, a sa wa tankin makulli. In Juma'a ta wuce, zan faɗa wa likita gaskiya, abin da zai biyo baya ya biyo.

Ban sare zogalen ba. Ka zo ka gan shi, ka tuna shi bai da ƙirjin yin tari, Hauwa kuwa tana da shi.

Allah Ya tsare maka 'ya'yanka daga irin iskar da tawa take shaƙa.

Wassalam.

Maman Hauwa, ɗakin ƙasa na kusa da magudana.