Nonon Ulun Goggo Ungozoma

Laraba

Zuwa ga ɗiyata Tabarau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, idanun ma suna lafiya, don na san yanzu gilashin nan naki ya ƙara kauri. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta saba gunaguninta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Fushi nake yi da waya, na kife ta a kan kabad, kuma na san a wurin aikinku tun a bakin ƙofa ake karɓe muku wayoyi. Direban motar safe zai miƙa miki. Shi ma ni na karɓi haihuwarsa, bai isa ya ce mini a'a ba.

Kin san tun da na ajiye aikin asibiti zama ya gagare ni. Shi ya sa kullum da hantsi nake jingine waya a jikin fulas ɗin shayi, in hau shirin kai-tsaye a manhajar nan da kike wa aiki, ina koya wa masu sabuwar haihuwa shayarwa. Kayan aikina biyu ne: 'yar tsanar robar da kika bari a gidan nan, mai ido ɗaya da ba ya rufuwa, da nono guda da na saƙa da zaren ulu ruwan ƙasa na cusa masa auduga. Ba yabon kai ba, ya yi kyau, har kan na fitar masa.

To watan jiya ina cikin magana aka yanke ni, aka rubuto wai na nuna abin da ke motsa sha'awa. Ni fa! Ni da haƙorana uku ba nawa ba ne. Na yi dariya na share. Jiya kuma aka sake, wannan karon da dakatarwar kwana bakwai, aka ce in na yi na uku an rufe shafin har abada.

Ba don kaina raina ya ɓaci ba. Akwai wata yarinya da ke shigowa, sunan da ta sa wa kanta Matar Mai Gadi. Mijinta yana gadin wata tashar ruwa can nesa da gari, uwarta ta rasu, ba wata babba kusa da ita. Bakwaini ta haifa, an sallamo su, yaron ya ƙi kama nono, nonon ya kumbura ya yi tauri, wata kuma ta ce mata ta ba shi ruwan sukari. Ina nuna mata yadda za ta tatsa a kofi ta ba shi da cokali, na ɗora babban yatsana mai tabon nan ke nan, sai fuskar wayar ta yi baƙi. Ba ni da lambarta, ban san garinsu ba. In shafin ya tafi, ta tafi.

Ga kuma 'yar gidan da ke kallon namu, wadda suke kira Rangwaɗa, kullum tana kai-tsaye tana rawa tana karairaya tana fari da ido, ba wanda ya taɓa ce mata kanzil. Ke da kike cikinsu, ki faɗa musu su buɗe mini.

Ki ci abinci, ki rage shan shayi.

Goggonki

*

Alhamis

Zuwa ga Goggo,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, na sami takardarki, na yi murna da ganin rubutunki, na kuma damu da labarin yarinyar nan. Allah Ya raya mata, Ya sauƙaƙa gwiwar.

Goggo, bari in bayyana miki yadda muke aiki, don kada ki ɗauka akwai mai jin haushinki. Na'ura ce ke fara dubawa. In ta ga abin da ya yi kama da fatar jiki a inda bai kamata ba, sai ta yanko daƙiƙa takwas ta turo mana. Babu sauti, babu suna, sau da yawa ma babu fuska, iya wurin da ta zarga kawai. Mu arba'in ne a ɗakin, kowa da kwamfutarsa, kowa yana duba wajen ɗari tara a wuni. Maɓalli biyu ne, kore da ja, ga agogo a gefe yana ƙirga maka. Wanda ya cika jinkiri ana kiransa ofis.

Ba ni da ikon buɗe miki. Doka ta hana mu taɓa shafin ɗan'uwa, wanda aka kama ya bar aiki. Ki ɗaukaka ƙara ta cikin manhajar. Kada kuma ki buɗe sabon shafi da wayar wani, don in aka gane, duka biyun za a rufe. In kin dawo, ina roƙonki ki ajiye saƙar nan, ki yi bayani da baki.

Ki yi haƙuri in tuna miki wani abu. Zuwana na ƙarshe ke kika tsare ni a kicin kina cewa mun yi sakaci, yara suna ganin abin da bai kamata ba, a tsananta. To an tsananta, Goggo. Kuma da kin ga abin da nake gani kafin azahar, da ba ki ce a sassauta ba.

Tambaya ɗaya: jiya da kika ce, Talata ke nan? Da ƙarfe nawa daidai aka yanke ki?

Ki huta lafiya.

Ɗiyarki, Tabarau

*

Asabar

Tabarau,

Sallama da gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Kin iya tsara magana kamar babanki, shi ma tun yana yaro in ya fasa kofi sai ya kawo dalili uku.

In yi bayani da baki? Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki, ban taɓa ganin wadda ta koyi shayarwa da kunne ba. Ka ce wa yarinya ta sa yatsa a bayan baƙin kan nono, ta matsa ciki kafin ta matse, sai ta gyaɗa maka kai ta je ta tsunkuli kan har ya tsage. Sai ta gani. Eh, ni na ce a tsananta, kuma ban janye ba. Amma cewa na yi a duba abin da mutum yake nufi, ban ce a zauna ana ƙirga fata ba.

Yanzu ga abin kunyar da ya same ni. Jiya da la'asar aka yi sallama, ina leƙawa sai ga Rangwaɗa, da doguwar rigarta har ƙasa, ta durƙusa ta gaishe ni. Na sha mur. Ta ce, "Goggo, kwana uku ban gan ki ba, lafiya?" Na ce, "A ina kike ganina?" Ta ce ai ba ta fashin shirina, yayarta na da tsohon ciki, ita ke kalla tana faɗa mata.

Na ɗauko mata nonon. Ta juya shi, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Haba Goggo, ai kin cika gwaninta. Na'urar nan launi take bi. Kin taɓa ganin ko wuyan hannuna a waje? Ki saƙa kore shar, ki ga in za ta kula ki."

Na ce, "Wato ke kin san abin da kike yi ke nan."

Ta ce, "Na sani mana. Su ne ba su sani ba."

Ban ji daɗin amsar ba, na kuma faɗa mata, ta saurara ba ta yi musu ba. Abin da ban faɗa mata ba shi ne sau biyu na taɓa danna mata ƙara, kuma ko minti ɗaya ban kalla ba kafin in danna. Da na ba ta labarin Matar Mai Gadi sai dariyar ta ɗauke. Ta ce mutum dubu shida ke kallonta, za ta yi cigiya a shirinta, ta ba da lambar wayata. Na auna girmana da ran yaron mutane, na ga girman nawa bai kai ba. Na ce ta yi.

Ƙarar na ɗaukaka kamar yadda kika ce. Na kuma tono ragowar koren ulun da na yi miki rigar sanyi kina aji uku, na kai rabi. Hannuna na saƙa, zuciyata na wurin yaron nan. Yau kwana huɗu, bakwaini kuwa ba ya jira.

Talata ne, ƙarfe goma da kwata, don ina jin mai gyaran famfo yana buga ƙofar maƙwabta. Me za ki yi da lokacin?

Goggonki

*

Litinin

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwarki tun kafin ki karanta.

Goggo, ni ce.

Kowannenmu yana iya duba jerin abin da ya danna. Tun da na karanta wasiƙarki ta farko nake zargin kaina, shi ya sa na tambayi lokaci. Yau da safe na duba. Talata, goma da minti goma sha shida, kwamfuta ta ashirin da uku, ja. Tawa ce.

Na tuna shi sarai. Hannu biyu ne da abu ruwan ƙasa a tsakani, babban yatsa yana dannawa. Na ga tabon ƙuna a bayan yatsan, wani abu ya taɓa ni a rai, amma agogo ya kai daƙiƙa shida, sai na danna na wuce. Tabon da tukunyar dafa almakashi ta yi miki ne, wanda nake shafawa ina ƙarama ina tambayarki ko yana zafi. Hannun da ya fara ɗaukata a duniya aka nuna mini, na ba shi daƙiƙa shida. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke tabarau na fito.

Na je wurin shugabar sashenmu na faɗa mata komai, har da cewa goggona ce. Ta ce na yi daidai da ban taɓa shafin ba. Ta ba wani abokin aikina ƙarar da kika ɗaukaka, ya kalli minti biyar cur da sauti. Ina hango shi daga kujerata, har ya kai hannu yana gwadawa a iska, don matarsa ta kusa haihuwa. An soke gargaɗi na biyu. Na farkon yana nan, shugabar ta ce wa'adin ƙararsa ya wuce. Gobe da safe za ki iya hawa.

Ni kuma an rubuta mini kuskure, za a mayar da ni horo na mako biyu. Ban yi gardama ba. Na ce mata dai kuskuren ba nawa ba ne ni kaɗai, duk wanda aka ba daƙiƙa takwas babu sauti zai yi irinsa. Na roƙa a ware masu koyar da lafiya, a riƙa kallon nasu da sauti. Ta ce in rubuto, za ta tura sama, amma kada in sa rai da wuri. Ki aiko da hoton takardar shaidarki ta aiki in haɗa.

Har yanzu ina ganin dokar tana da amfani, Goggo, ko da za ki yi mini faɗa. Kuma maganar Rangwaɗa gaskiya ce, kore zai wuce. Ban ji daɗin cewa ita ta fi mu sanin aikinmu ba.

Don Allah ki gaya mini halin da yaron yake. In wani abu ya same shi ban san yadda zan yi da raina ba.

Ɗiyarki mai neman gafara, Tabarau

*

Laraba

Ɗiyata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Share hawayenki, yaro yana nan da ransa.

Cigiyar Rangwaɗa ta yi aiki. Ran Lahadi da hantsi Matar Mai Gadi ta kira ni, ashe ita ma tana leƙa rawar, na ce wannan maganar sai ta warware za mu yi ta. Ba ta ba shi ruwan sukarin ba. Rabin da ta gani kafin ki yanke ni shi ta yi ta gwadawa, tana samun cokali biyu uku, da shi ya rayu. Na sa mijin ya kai su asibiti an duba shi. Jiya na hau da koren, mata suka yi ta dariya wai na saƙa kabeji, ba wanda ya yanke ni. Muna cikin shirin Matar Mai Gadi ta rubuto cewa yaron ya kama. Na ajiye 'yar tsana na yi hamdala a gaban mutum ɗari uku.

Ban yi fushi da ke ba. Ni da ba agogo a kaina ma na danna wa Rangwaɗa 'yar mutane ƙara, kuma jiya na tsallaka titi na faɗa mata da bakina.

Direba zai ba ki ƙunshi. Takardar shaidar tana ciki, tare da tsohon nonon ruwan ƙasa. Ki ajiye shi a gefen kwamfutarki, in shugabarku ta tambaya ki ce kayan aiki ne. Duk sanda yatsanki ya nufi ja, ki dube shi, ki ƙara daƙiƙa biyun da suka rage. Kowane hannu aka nuna miki, akwai wanda ya san tabonsa.

Ki zo hutu, in auna ki, in saƙa miki wata rigar da sauran ulun.

Goggonki