Hannu a Baya

Sotkamo, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Yaya Outi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Reijo da yara. Ya gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa sanyin Kanada ya yi miki sassauci bana. Mu nan lafiya lau. Ƙanƙara ta sauko da wuri, tafki ya fara daskarewa ta baki-baki. Mirja tana fama da mura amma ta ƙi kwanciya, kin san halin matata. Na so in kira ki, sai na tuna duk ranar da muka yi maganar Baba a waya ke kike magana ni ina cewa to, sai na ajiye sannan amsar ta zo mini. Shi ya sa na ɗauko takarda. Ba ita ce ta farko ba, sauran suna cikin murhu.

Kin tambaya ko na cike takardar gidan tsofaffin da kika turo. Ban cike ba. Kafin ki yi fushi, ki karanta har ƙarshe. Kin san tun da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye a farkon bazara, ƙaramar hukuma ta ce za ta aiko wata ta duba ko zai iya cin hunturu shi kaɗai a gidan bakin tafki. In ta ce ba zai iya ba, sai a kai shi cikin gari a rufe gidan. Shi kuwa ya ce in dai daga gidan nan ne, sai dai a fitar da shi a kwance. Ni ina tsakiya, ina zuwa kullum bayan aiki ina yi masa abin da zan iya, kuma ina ganin ina ƙoƙari, har Inka ta shigo maganar.

Kin bar 'yata tana tsoron kare, yanzu ba za ki gane ta ba. Tana aji biyu a makarantar koyon sana'a, a ɓangaren da ake horar da masu taimaka wa ma'aikatan gashin ƙashi da masu koya wa majiyyaci komawa ayyukansa na gida. A kaka aka tura su asibiti su yi 'yan makonni suna bin ma'aikata. Ta dawo kamar ita ta aza harsashin asibitin. Da ta ce tana so ta ɗauki kakanta a matsayin aikin makarantarta, na yi murna, na zaci wanke-wanke za ta rage mini. Ranar farko ta naɗe dardumomin da Mama ta saƙa da tsofaffin kayanmu, har da doguwar nan mai shuɗin wandona, ta kai su ɗakin ajiya, wai tarko ne. Ta kawo wuƙa mai ƙaton mariƙi, da katako mai ƙusoshi na riƙe dankali, da wata ƙugiya ta sa maɓalli. Baba ya juya ƙugiyar ya ce ko kifin tafki ba zai yarda da ita ba. Ya sa mata suna Sajan, ya ce a soja ya jure wa masu gashin baki, bai san yarinya mai zobe a hanci ce za ta gama da shi ba. Ita kuma take kiransa kurtu, tana cewa kurtu ya rage surutu ya ɗaga hannu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ni ne ta kafa wa doka. Wai malamarsu ta koya musu cewa kayan aiki na farko shi ne hannu a baya. Ba ni da izinin sa masa maɓalli, ko yanka masa baƙin burodinsa, ko zuba masa gahawa, kai ko kalma ta maƙale masa kada in ƙarasa. Yaya, ki tsaya ki yi tunani. Mutum ya taso daga aiki a gajiye, ya zauna yana kallon ubansa yana kokawa da maɓalli ɗaya har madara ta huce, shi kuma nasa hannun lafiyayye yana kan cinya. Na ce mata wannan ba jinya ba ce, mugunta ce. Ta ce duk maɓallin da na sa masa ƙwace masa na yi, hannun da ba a ba shi aiki mantuwa yake yi. Na ce ni ubanta ne, kuma na fi shekara arba'in ina ɗansa. Ta ce ai nan matsalar take. Na kai ƙara wajen Mirja, ta ce yarinya ta fi ni gaskiya, ta ci gaba da tarinta. Wata rana Baba ya yi jifa da rigar, ya zagi Inka zagin da ban taɓa ji daga bakinsa ba, idonsa ya ciko. Ta ɗauko rigar ta karkaɗe ta miƙa masa, ko a jikinta. Ni na fita na faskara itacen da ba a buƙata. Na duba abin da na rubuta a littafina a makonnin nan, shafi ɗaya na ce in kore ta daga gidan, na gaba na ce wataƙila ni ne ya kamata a kora.

Ranar da matar hukuma za ta zo, Madam Kemppainen sunanta, na yi shirina tsaf. Na ɗauki hutu, na yi sammako, na dafa gahawa na zuba a fulas, na yanka burodi mai zaƙi, niyyata in shirya Baba ta iske komai tas. Inka ta iso, ta buɗe fulas ta tuttular a wurin wanke-wanke a gabana. Ta ce ba a aiko matar nan ta duba ko Tero ya iya dafa gahawa ba. Sunana fa ta kira, Tero, ba ta ma ce Baba ba. Na ce mata in aka ɗauke tsohon nan yau, a wuyanta yake. Amma ba ta janye ba. Sai ga mota a ƙofa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin san Baba, baƙo ba ya zama a gidansa ba gahawa ko da duniya za ta tashi. Ana gama gaisawa ya dafa tebur ya miƙe. Ya auna garin da hannun hagu, rabi ya zube, ya ƙara. Inka ta turo masa kofin roba mai kunne biyu da ta kawo daga makaranta, ya ce Sajan ta ajiye wa jarirai, ya fito da kofunan Mama na tangaran da farantansu. Nan dai ita ma ta sha kaye, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Sai ya ɗauko butar da hannun dama, wanda ya shanye, ya taho yana jan ƙafa. Butar tana rawa. Daf da tebur ta karkace, gahawa ta zubo a mayafin tebur da ƙasa. Ban san na miƙe ba sai da Inka ta taka mini ƙafa da dukan ƙarfinta. Baba bai ko waiwayo ba ya ce, “Zauna, Tero. Ni na zubar, ni zan goge.” Ya ajiye butar, ya jefa tsumma ƙasa, ya riƙe bakin tebur ya goge da ƙafa. Sannan ya zuba wa baƙuwa abin da ya rage.

Gahawar salam take kamar ruwan wanke kofi, amma matar ta sha har biyu. Ta tambaye shi wa ke taimaka masa, ya ce yana da Sajan, yana kuma da ɗa, wanda tun da aka kwashe dardumomi shi ne babban haɗarin da ya rage a gidan. Suka yi ta dariya su uku. A bakin ƙofa ta gaya mini kowa yana zubarwa, ita abin da take dubawa shi ne abin da mutum zai yi bayan ya zubar. Hukunci dai shi ne Baba zai ci hunturu a gidansa. Ma'aikaciya za ta riƙa leƙo shi da safe, za a kafa masa ƙarfen riƙewa a sauna, ɗakin wankan tururinsa, sai ƙanƙara ta narke a sake dubawa.

Kada ki zaci na huce. Ba wanda ya ce mini sannu. Baba yana ta yi wa maƙwabta alfahari da jikarsa, ita kuma yanzu ta dawo kaina, wai ban iya zama a kujera ba. Har yau ina tunanin da butar nan a ƙafarsa ta faɗo, wa za a ce ya yi gaskiya? Shekararta goma sha bakwai fa. Wataƙila sa'a ce kawai, wataƙila kuma sannu ba ta hana zuwa. Ban sani ba. Abin da nake roƙonki shi ne ki daina turo takardun nan, kuma in kin zo bikin tsakiyar bazara ki zo da haƙuri, don ke kin fi ni saurin hannu. Jiya da zan tafi ya rako ni ƙofa, na ga ya tsallake ramin maɓalli ɗaya, gefen rigar ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Inka ba ta nan, ba mai ganina. Hannuna ya riga ya tashi. Na mayar da shi aljihu na ce masa sai gobe.

Ki gaishe mini da Reijo, ki ce ina jiran hoton kifin da yake ta kurari da shi. Ki gaishe da Aleksi da ƙaramar Pihla. Mirja tana gaishe ki, Inka ma, ta ce ki riƙa lanƙwasa gwiwar ko tana ciwo. Baba ya ce a gaya miki gahawarki tana nan, shi zai dafa.

Ƙaninki,
Tero