Asibitin Kwali Marar Ƙofa

Yayata,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Ya hawan jinin? Ki gaishe mini da wanda ke cikin ciki ko da ba zai amsa ba. Mama da Baba suna yi miki sannu. Mijinki Abban Aku ya ce in na rubuta zai kai miki ranar dubiya, shi ya sa na ɗauki biro. Kin san ni, in aka miƙo mini waya mutane suna kallona, bakina mutuwa yake yi.

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, don Allah kada ki yi mini dariya. Kwalin nan na ƙarƙashin gadona, wanda Mama take zaton littattafan firamare ne a ciki, babu littafi ko ɗaya. Gidajen ashana ne, da murafen kwalba, da cokulan roba, da ƙyallayen da nake tsinta a shagon ɗinkin Baba. Kujeru nake yi da su, da gadaje, da mutane. Ni da zan shiga sakandare in hutu ya ƙare!

Jiya ɗanki Tulu ya shiga ƙarƙashin gadon neman takalminsa, ya jawo kwalin, ya kifar da shi a tsakar ɗaki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ki ji abin da ya faru. Kin san tun da aka kwantar da ke a asibiti aka kawo mana yaran, Aku ba ta magana. Yarinyar da muka sa wa Aku saboda surutu, yanzu sai ɗaga kai da girgiza kai. To, ta sauko daga kan kujera da kanta, ta tsuguna, ta ɗauki wata 'yar durowa da na yi da gidan ashana. Ta ja, ta tura, ta ja, ta tura. Sai ta ɗago ta kalle ni. Yaya, ba ta yi magana ba, amma ta kalle ni sosai!

Na yi tunani. Tunda hutu ne, zan gina gari guda a baranda tare da su. Gidaje, kasuwa, titi, komai. Kina ganin zai yi?

Allah ya ba ki lafiya, ya sauke ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

Auta sarkin kunya,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, sai dai kwanciya ta ishe ni. Likita ya ce gefen hagu, gefen hagu, har na haddace tsagar da ke jikin bango. Matar gadon kusa da ni minshari take yi ko da rana tsaka.

Wai sirri! Yarinya, wa kike zaton yake ajiye miki gidajen ashana a kan taga duk lokacin da na zo gida? Aljani? Na yi dariya har nas ta leƙo ta ce za ta ƙwace takardar.

Ki gina garinki. Kada ki sa kowa sayen gam. Ki dama fulawa da ruwa, ki ɗora a wuta kina juyawa har ya yi kauri, in ya huce ya fi na kanti riƙo. Almakashi kuwa ki rataye shi a wuyanki, don in Tulu ya samu, labulen Mama ya tafi. Na ce wa Abbansu ya roƙo miki manyan kwalaye wajen mai kantin layinmu.

Auta, bari in daina wasa. Ba a barin yara su shigo nan. In na kira aka sa mata wayar a kunne, numfashinta kawai nake ji, sai ta ture. Shekararta huɗu, ban taɓa kwana nesa da ita ba. Duk abin da ta yi ki rubuto mini, ko tari ne.

Ki gaishe da Mama da Baba. Ki ja mini kumatun Tulu.

Yayarki

Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan an samu ƙarin sauƙi. Yaya, gari ya tashi! Da kin ga barandarmu ba za ki gane ta ba. Mama sai ta ɗage zani take tsallakawa in za ta shanya.

Muna da titi, na zana shi da alli. Muna da motoci masu tayoyin murfin kwalba. Muna da kasuwa, tumatir ɗinta maɓallai ne jajaye. Mutanen duk cokulan roba ne, na zana musu ido da baki, Aku tana ɗaura musu ƙyalle. Tulu aikinsa shafa gam, rabi a kwali, rabi a cikinsa.

Baba da farko cewa ya yi, "Wannan wace irin bola ce kuka tara mini a ƙofar ɗaki?" Da la'asar sai ga shi a tsugune da tef ɗin awo a wuya, yana cewa gadar da na yi ta karkace, babu direban da zai yarda ya hau. Ya gyara ta da tsinken tsintsiya. Yanzu kullum in ya dawo daga shago sai ya zo duba gadarsa. Har rumfa ya ɗinka wa kasuwar.

Ga abin dariya. Tulu ba ya daina lasar gam ɗin, kuma duk lasa sai ya ɓata fuska ya yi kuka wai ba daɗi. Mama ta ce, "Haba angona, za a kashe mini kai da abu salam." Ta karɓi tukunyar ta zuba sukari cokali cike, ta ƙara wani. Ta ce tunda dai sai ya ci, gara ya ci mai daɗi. Tun daga ranar da mai sukari muke aiki, kuma kuka ya ƙare.

Yanzu maganar Aku. Ta ɗauki kwalin takalmi ta kai ƙarshen titi, can nesa da sauran gidaje. Ta zaɓi cokali ɗaya, ta ɗaura masa ƙyallen nan shuɗi na ragowar rigarki, ta cusa masa auduga a gaba ya yi ciki. Ta kwantar da shi a gadon ashana a cikin kwalin. Sai ta rufe, ta shafe bakin murfin da gam, ta bi da takarda ta liƙe ko'ina. Babu ƙofa, babu taga.

Na ce, "Aku, asibiti ne?" Ta ɗaga kai. Na ce, "To bari in yanka masa ƙofa." Na kawo almakashi ke nan ta doke mini hannu. Da ƙarfi fa, Yaya. Kullum da safe sai ta je ta zauna a gabansa. Ba ta taɓawa, kallo kawai.

Ban san ko daidai ne da na faɗa miki ba. Amma ke kika ce ko tari ne.

Allah ya ƙara sauƙi.

Auta

Auta,

Na samu takardarki. Na karanta wajen kwalin takalmin, na juya na kalli bango, na daɗe.

Laifinmu ne. Ranar da aka kawo ni nan tana makaranta. Ta tafi ta bar ni ina wanke-wanke, ta dawo babu ni. Kowa ya ce mata Mami yanzu za ta dawo, ga shi har yau. Kada ki yanka ƙofar. Nata ne, ki bar mata.

Likita ya ce ba zan fita ba sai na haihu, kuma da saura.

Sannan ke da Mama, kanku ɗaya kuwa? Sukari a gam? A baranda? Ki wanke tukunyar nan yau, ki dama sabo, in dai ba ku riga kun yi baƙi ba.

Yayarki

Yayata! Yayata!

Ina gaisuwa, amma bari in yi sauri. Takardarki ta makara. Baƙin sun riga ta zuwa!

Shekaranjiya da safe na fito da buta, sai na ga titinmu yana motsi. Kiyashi ne, Yaya! Layi-layi, daga bakin magudana har kasuwa. Sun hau gadar Baba, sun cika motoci, sun lulluɓe rumfa. Duk inda muka shafa gam ya yi baƙi ƙirin. Tulu yana tsalle yana tafi, yana ihu, "Mutane sun zo! Mutane sun zo garinmu!" Baba ya fito ya tsaya ya ce, "To, aƙalla gadar ta ɗauki kaya." Mama ta ce ba ita ba ce, sukarin ai ɗan kaɗan ta sa. Ta ɗauko tsintsiya da kwandon shara ta ce yau za a tashi garin nan gaba ɗaya.

Ni kuwa hawaye ya cika mini ido, don na san wahalar da muka sha.

Sai muka ji ƙara. Aku ce. Tana tsaye a gaban kwalin takalminta. Kiyashin sun samu wata 'yar kafa a gefe, suna ta shiga ciki. Ta buɗe baki ta ce, "Za su cinye Mamina!"

Yaya, tsintsiyar ta faɗi daga hannun Mama.

Aku ta ruƙo zanina tana ja. "Anti, yanke! Yanke mata ƙofa! Yi sauri mana, ke ba kya ji ne?" Na ciro almakashi, na yanka ƙofa a karkace. Ta zura hannu cikin kiyashin, ko tsoro babu, ta ciro ki. Ina nufin cokalin. Ta hure shi, ta kakkaɓe, ta goge da rigarta. Sai ta riƙe shi a gaban fuskarta ta hau shi da faɗa.

"Ke Mami, haka ake yi? Ki tafi ba ki faɗa wa mutum ba? Na dawo na duba kicin, na duba banɗaki, na duba bayan ƙofa. Ba kyau!"

Mama ta juya baya tana share fuska da gefen mayafi, wai hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a kunna ba. Baba ya shiga ɗaki ya daɗe yana neman hular da ke kansa.

Tun daga lokacin bakin Aku bai rufu ba. Ta yi wa kiyashi faɗa, ta yi wa Tulu faɗa don shi ya jawo sukari, ta ce wa Mama, "Kaka, ke ma ba ki kyauta ba." Ta ba ni labarin duk abin da ya faru a gidan nan tun zuwansu, kamar ba na nan. Mun kwashe garin mun kai rana, kiyashin suka watse. Rabin gidajen sun ɓanɓare, amma wallahi ban damu ba. Mun dama sabon gam, Tulu ya lasa ya ce mun cuce shi.

Abu ɗaya ya rage. Da Abbanta ya zo ya ji muryarta, ya yi murna ya ciro waya zai kira ki. Ta ɓoye hannuwa a baya ta ce a'a. Ta ce, "Mami ba ta cikin waya. Ni ganin ta zan yi." Daga baya ta sa na yanka wa kwalin taga. Ta leƙa ta ciki ta tambaye ni, "Anti, asibitin gaske yana da taga?"

Yana da ita, Yaya?

Ƙanwarki mai murna,
Auta

Autata,

Allah ya yi miki albarka. Na karanta wa duk ɗakin nan takardarki. Mai minshari ta yi kuka, nas ta yi dariyar kiyashi har ta zauna a bakin gadona. Ki ce wa Mama na yafe mata sukarin, ta ƙara wani cokalin ma in tana so.

Akwai taga. Muna hawa na biyu, tana kallon inda ake ajiye motoci, daidai wata bishiya mai inuwa. Amma kada ki sa mata rai. Mai gadin ƙofar nan ba ya barin yaro ya wuce, ko a goye yake. Abbansu ya taɓa gwadawa, da fushi, suka yi ta musu, aka ce ya koma da su.

Me kuma ta ce wa cokalin? Na san ba ta tsaya nan ba. Ki rubuto mini duka, kalma da kalma, kada ki rage komai. Ina jira.

Yayarki da ke kewar ku

Yayata,

Ina gaishe ki da jiki. Wannan gajeruwa ce, Abban Aku yana waje yana danna ham ɗin mota.

Ta faɗa wa cokalin abubuwa da yawa, wasu a kunne. Na ji wasu. Ki yi haƙuri, ba zan rubuta ba. Ba ni ta faɗa wa ba, ke ta faɗa wa, kuma gara ki ji daga bakinta.

Ranar Asabar zan biyo Abbansu, da ni da ita. Na roƙe shi ya tsaya a mota, ni zan je wajen mai gadin. Zan gaishe shi, in ce masa ba ciki za mu shiga ba, gindin bishiya kawai, kuma yana iya tsayawa kusa da mu. In ya ƙi, zan sake gaishe shi in sake faɗa. Ina ta gwadawa a ɗaki, Tulu ne mai gadi. Ya kore ni sau da yawa, amma jiya muryata ta fita har Mama ta jiyo daga kicin ta ce da wa nake.

Ban faɗa wa Aku ba tukuna, sai mun shiga mota. Ke dai ki roƙi nas ta tura gadonki jikin tagar bayan azahar, ta buɗe gilashin. Kada ki tashi tsaye. Muryarta za ta iso.

Sai mun zo.

Auta