Ranar da Kika Yi wa Famfo Guɗa

Zuwa ga Hajiya, surukata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a durƙushe, daga can bakin ƙofa, kamar yadda na saba lokacin da kike raye. Ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jikarki kuma takwararki Ummi ta haihu, an samu ɗa namiji. 'Yarki Rakiya tana can gidansu a Barking, nan Ingila, tana dafa mata ruwan wankan jego, tana faɗa da kowa, sak ke. Da na ji ƙamshin darbejiya sai dariya ta kama ni har na nemi wurin zama. Na tuna jirgin ruwanmu.

Kin san ba don sha'awa muka zauna a cikinsa ba. A farkon shekarun casa'in ne, council, wato ƙaramar hukuma, ta bar mu muna ta jiran gida, Rakiya ga tsohon ciki. Wani dattijon Bature da muke aiki tare a garejin bas ya yi ritaya, ya bar mini tsohon jirginsa da ke ɗaure a kogin Lea, gefen Edmonton. Dogo ne siriri, da ɗaki da murhu da ɗan banɗaki. Ni dai fada na ɗauke shi.

Ke kuwa da kika iso daga Zariya kika gan shi, tsayawa kika yi a bakin ruwa kika yi salati. Kika ce, "Yanzu duk faɗin Ingila an rasa ƙasa?" Ba ni kika tambaya ba, sararin sama kika kalla.

Haihuwar fari ce, al'ada ta ba ki ikon ɗauke 'yarki da jaririya ku tafi wankan gida. Ƙanwarki tana Barking da ɗaki a gyare. Rakiya ce ta yi ta roƙo har kika yarda ki zauna, amma da sharaɗi: ranar da ruwa ya taɓa ƙafarki a cikin jirgin nan, ranar za ki kwashe su, sai bayan arba'in. Na aika miki ta bakinta cewa akwai famfo a ƙarƙashin katakon ƙasa, wanda da ruwa ya taru yake tashi da kansa ya zubar da shi waje. Kika ce ba ki taɓa ganin abin da ke aiki ba a sa shi ba, har cikin mutane.

Hajiya, yau zan faɗa miki abin da kunya ta hana ni faɗa. Ina son yarinyar nan kamar in yi hauka. 'Yar fari ce, ga ki a zaune, ba dama in ɗauke ta, ba dama in daɗe ina kallonta. Sai in yi kamar ina neman sifana a kusa da gadonta. Ko wannan leƙen ya ishe ni, kuma shi nake tsoron a raba ni da shi.

Wanka ya kankama. Safe da yamma kina tafasa ruwa a babbar tukunya, ki zuba busasshen ganyen darbejiya da kika yo guzuri a akwati, ki yi ta fyaɗa wa Rakiya tana ihu. Tururi ya cika jirgi, tagogi suna zufa. Ruwan banɗakin nan kuwa ƙarƙashin katako yake gangarawa, wurin famfo.

Wata safiya bayan suna, kin fito ɗauko kunun kanwa, kika taka katako kusa da murhu, ya ce caɓal. Ruwa ya jiƙa miki safa. Ba ki yi faɗa ba, da ma kin yi da ya fi mini sauƙi. Jaka kawai kika janyo kika fara ninke kayan jaririya.

Na zube a ƙasa na ɗage katako. Ga ruwa nan ya taru, famfo ya yi tsit kamar ba shi aka ajiye domin wannan rana ba. A raina na ce, kai munafuki, yau ka zaɓa?

Na fara da batir, domin shi ne uban tafiya. Fitilu suna ci, ashe da wuta. Na zaro fis na ɗaga shi a hasken taga, lafiyarsa ƙalau. Na danna makunnin hannu, sai famfo ya yi gurnani ya fara tsotso. Na ɗan samu numfashi, domin injin bai mutu ba ke nan. Na ɗago ina murmushi, na ce wa Rakiya ta shaida miki ya tashi. Kika ce wanda aka yi miki alkawari mai tashi da kansa ne, ba wanda sai an tsikare shi ba, ko in ina wurin aiki wa zai tsikare shi? Kika ci gaba da ninki. Wallahi gaskiyarki ce, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Saura abu ɗaya. Akwai wani ɗan roba mai kamar ludayi a gefen famfon. Idan ruwa ya taso sai ya ɗaga shi, ɗagawar ce take kunna injin. Na bi wayoyinsa da yatsa, ba tsatsa, ba inda ya tsinke. Na naɗe hannun riga na zura hannu har kafaɗa cikin ruwan, na lalubo ludayin, na gwada ɗaga shi. Ko motsi bai yi ba. Wani abu ya cushe a gindinsa ya danne shi. Na yi ta ƙwaƙula, na damƙo, na fito da hannu.

Darbejiya ce, Hajiya. Ganye da tsinkayensa, cike da tafina.

To yaya mutum zai dubi surukarsa ya ce ganyenta ne? Na dunƙule hannu na kai baya, na ce wa Rakiya datti ne kawai. Na manta ke kika tafasa shi da hannunki, hancinki ya riga ya gane ɗacinsa. Kika miƙo tafi ba tare da kin dube ni ba. Na sunkuyar da kai na zuba miki.

Can sai na ji kafaɗarki tana rawa. Kika fashe da dariya har da riƙe ciki, kina cewa, "Ashe ni ce zan nutsar da jikata!" Rakiya ta kama, tana dariya tana cewa wayyo cikinta. Ni ina durƙushe ina cije leɓe, hawaye na zuba, ban isa in yi dariya a gabanki ba.

Na wanke ludayin tas, na mayar da shi. Na ce sai an gwada, sai an zuba ruwa a ga ko zai tashi. Ke da ko gada ba kya son hawa, ke kika ɗauki bokiti, kika yi bisimilla, kika juye shi a cikin jirgi da gangan. Muka zuba ido. Ludayi ya taso a hankali, ya ce ƙas, famfo ya kama ba wanda ya taɓa shi. Kika leƙa taga kika ga ruwa yana tsartuwa cikin kogi, sai kika toshe hanci kika rangaɗa guɗa. Agwagi suka watse, Turawan jiragen maƙwabta suka fito da kofunan shayi a hannu suna tambayar ko lafiya.

Kika zazzage jakar nan a kan gado. Kika ce daga yau a ƙyalle za ki riƙa ƙulle ganyen kafin ya shiga tukunya. Sannan kika ce in wanke hannu da sabulu, kika ɗauko Ummi kika ɗora mini a ƙirji. Kika ce, "Riƙe abarka. A tsakiyar ruwa muke, wa zai gan ka?" Kika juya baya kina gyaran murhun da ba abin da ya same shi. Ranar na fara jin nauyin 'yata, kuma ke kika ba ni.

Ya Allah Ka gafarta wa Hajiya, Ka sanyaya makwancinta, Ka yalwata mata shi. Yadda ta sauƙaƙa mini ranar da take da ikon tsanantawa, Ka sauƙaƙa mata hisabi. Ka raya wannan jariri cikin albarkarta, Ka sada mu da ita a Aljanna. Amin.

Na bar ki lafiya, Hajiya.

Surukinki, kuma ɗanki,
Baban Ummi