Baiti na Uku

Malam,

Gaisuwa da girmamawa. Ya iyali, ya ƙarfin jiki? Yayata ta ce tsofaffin ɗalibanka na ajin waƙa sun taru sun karrama ka, ban da ni da nake nesa. Ni ce Shiru-shiru, wadda kake ce wa, "Buɗe baki, muryar ba ta aro ba ce!"

Lafiyata ƙalau. Ina aiki a ɗakin wankin asibiti. Nakan wuni ban yi magana da kowa ba, amma idan injina suka tashi, sai in rera waƙarmu ta aji. Jiya baiti na uku ya ɓace mini. Na tsaya riƙe da zanin gado, babu wanda zan tambaya.

Don Allah ka rera wa Yaya baitin, ta ɗauka a waya ta turo mini. Allah ya saka da alheri.

Ɗalibarka