Maganin da Na Hana Baba

Mexico, 4 ga Mayu

Yayata Nélida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da Eusebio da yara. Na ji za ki je Oaxaca jinyar Baba, shi ya sa nake so ki fara jin wannan daga bakina.

Ranar Lahadi na je. Idanunsa sun yi rawaya, ciki ya kumbura, kunun masara ma ya gagare shi. Likita ya ce sinadarin wankin kwat da ya shaƙa shekara talatin a shagonsa ne ya cinye masa hanta. Yaya, irinsa muke yi wa ɓeraye allura a ɗakin gwajinmu na jami'a, hantarsu ta kumbura, sannan mu ba su ruwan wani ganye mu gani. Ni da bakina na taɓa yi masa alfaharin cewa suna warkewa.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Likitar ɓeraye, ɗan tsiyayo mini cokali ɗaya mana." Na ce ba a gwada shi a jikin mutum ba. Ya ce, "To ga mutum. Ko ɓera ya fi ubanki ne?" Na ƙi. Ya juya wa bango fuska, har na tafi bai amsa sallamata ba.

Ki lallashe shi.

Ƙanwarki,
Remigia

Mexico, 19 ga Yuni

Yaya Nélida,

Ya ƙarin haƙuri? Ya jikin Mama? A wurin jana'iza kin ce mini da na ba shi maganin ko don ya ji daɗi.

Jiya muka buɗe ɓerayen da suka yi wata uku a kan maganin. Hantar tas. Ƙodar ce ta lalace, goma sha ɗaya cikin goma sha biyu. Farfesa Zepeda, shugabar ɗakin gwajinmu, ta dafa kafaɗata ta ce, "Gara da muka gani a nan, 'yata." Na shiga banɗaki na yi ta kuka.

Da na ba shi, da ni na kashe shi. Na ɗauka sanin haka zai sanyaya mini rai, bai yi ba. Ya tafi yana zaton rowa na yi masa.

Ke ce a kansa a ranar ƙarshe. Don Allah kada ki yi mini kara, ki faɗa mini gaskiya: ya nemi a kira ni?

Taki har abada,
Remigia